Injin da Ke Juya Dawakin Manzo

Shafi na 14

Masu aiko min saƙo cewa na bar Fadi tsaye a bakin ƙofa, to ga ta na shigo da ita. Wanda ya same mu a tsakiyar hanya kuma, ga inda aka kwana. Shekarar 1975 ce, bayan farin da ya share garkunan mutane. Labbo na Dogo-Dogo ya rasa shanunsa, ya tafi Magariya neman abin yi, ya aika gida cewa shi ne mai kula da inji a filin wasan Alhaji Manzo. Ƴarsa Fadi ta gama karatun malanta, aka turo ta lakwal, wato makarantar ƴan mata ta Magariya. Duk zuwan da ta yi don ta gan shi, sai mai gadi ya ce yana wajen inji, ba a shiga. Sai ga Alhaji Manzo da kansa ya zo har lakwal ya gayyace ta.

*

Ranar Alhamis ce, ba karatu.

Fadi ta ɗaura atamfarta mai ruwan ganye, ta yafa farin gyale, ta bi Madam Saratu, shugabar lakwal ɗinsu, har ƙofar filin.

Gaban filin cike yake. Yara sun yi layi riƙe da tiken shiga, masu alewa da masu ƙosai suna ta ciniki, lilo yana kai da kawowa. A tsakiya dawakin katako ne masu fentin ja da shuɗi, suna zagayawa bisa wani faffaɗan dandamali. Daga bayan zana ƙarar inji ke tashi, baƙin hayaƙi yana fita ta bututu. Ba wanda bai san labarin injin nan ba a Magariya. Wai daga Faransa aka kawo shi.

Fadi ta dubi hayaƙin, ta ji daɗi ya cika ta. Babanta ne ke riƙe da wannan abin.

Alhaji Manzo ya tarye su da fara'a. Gajere ne mai kauri, babbar rigarsa ta sha sitaci, yana dogara sanda mai kan azurfa ba don ƙafarsa na ciwo ba. Tare da shi akwai wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, da matarsa, da wani ɗan kasuwar gyaɗa. Ya gaisa da Madam Saratu a taƙaice. Fadi kuwa ya tsaya ya tambaye ta gajiya, da aiki, da mutanen Dogo-Dogo ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda ya daɗe da sanin gidan.

Ya ce musu gaban fili na kowa ne, duk mai tike ya shiga. Amma zagayen baya sai wanda ya zaɓa. Talaka ya ga wasa ya tafa ya tafi gida. Manya su ake nuna wa yadda ake yin wasan.

Ma'aikacin duwan ya gyara tsayuwa, maganar ta yi masa daɗi.

Suka bi shi ta wata ƴar ƙofa a jikin zana.

Bayan fili ba fenti. Tarkacen kwano ne, da gangunan ruwa, da warin kashin dabbobi. Ya fara kai su wajen wani biri da yara ke so, mai rawa da jar riga. An tuɓe masa rigar, yana ɗaure jikin turke, sarƙa ta ci masa ƙugu har ta yi miki. Manzo ya ce sirrin rawar ba wani abu ba ne, faranti ne ake ɗumamawa a ɗora shi a kai tun yana ƙarami, ana kaɗa ganga. Yanzu ko ba faranti, da ya ji ganga sai ya ɗaga ƙafa.

Matar ma'aikacin duwan ta kwance gefen zanenta, ta jefa wa birin gyaɗa.

Suka wuce wajen jimina, wadda aka fige mata gashin gefe ɗaya aka sayar, shi ya sa kullum ɓangare guda ake juya wa ƴan kallo. Suka wuce mai haɗiye wuta yana zaune a inuwa yana shafa man shanu a leɓɓansa da suka kumbura. Ya yunƙura zai tashi ya gaishe su, Manzo ya ce ya buɗe baki baƙi su gani. Ya buɗe.

Fadi ta kawar da kai.

Ta matsa kusa da Manzo, cikin ladabi ta tambaye shi ko za ta samu ganin babanta yau.

"Don shi na kira ki, Madam," in ji shi. "Ga mu mun iso."

Wata rumfar kwano ce a bayan dandamalin dawakin, zana ce kawai ta raba su. A ciki ga injin, bisa duwatsu, yana karkarwa yana tofar da hayaƙi. Ƙarami ne, duk tsatsa, bai fi na jan ruwa a lambu ba. Ba kowa a wajensa.

Fadi ta waiga hagu da dama.

Manzo ya ce kar ta damu, babanta yana kusa. Kafin nan yana so ya karrama ta da abin da ba kowane baƙo yake bari ya taɓa ba. Ya nuna mata wata igiya da ke reto daga rufin rumfar. Ya ce ita ce linzamin dawakin. In aka ja, ƙararrawa ta buga, gudu ya ƙaru.

"Ja ki gani."

Ta ja a hankali. Ƙararrawa ta buga can wani wuri ƙasa-ƙasa.

Ta tsagar zana ta ga dawakin sun ƙara sauri. Yara suka ɗau ihun murna. Biyu daga cikinsu ƴan ajinta ne, ta gane su da kitsonsu.

"Ƙara, Madam. Ɗalibanki ne fa, ki ba su su more."

Ta ƙara ja. Madam Saratu tana dariya, ta ce ashe Fadi ma yarinya ce. Fadi ita ma dariyar take yi. Ta sake ja, ta kuma ja, har dawakin suka zama kamar zare ɗaya ja da shuɗi, yaran suna ƙanƙame wuyansu.

Ma'aikacin duwan ne ya sunkuya yana duban injin. Ya ce shi fa bai ga inda ya haɗu da dawakin ba. Ba bel, ba sarƙa, ba komai.

Manzo ya ce lalle duwan ba a ɓoye musu kaya.

Ya miƙa hannu ya kashe injin.

Ƙarar ta mutu. Hayaƙi ya tsaya.

Dawakin ba su tsaya ba.

Sai a lokacin aka ji wani sauti da ƙarar injin ke rufewa. Takun ƙafafu ne, da kukan katako, da numfashin mutane mai fita da ƙyar. Daga ƙarƙashin ƙafafunsu yake fitowa.

Manzo ya sa kan sandarsa ya ɗaga wani murfin katako da ke ƙasa.

Zafi ne ya fara bugo su, da warin gumi.

Rami ne mai faɗi aka haƙa ƙarƙashin dandamalin. A tsakiya wani ƙaton ginshiƙi, an soke shi da dogayen itatuwa. Kowane itace da mutum a bayansa, ya kafa ƙirji yana turawa, yana gudu a sunkuye don rufin bai kai tsawon mutum ba. Daga su sai guntun wando. Sun naɗa tsumma a itacen inda ƙirji ke gogawa. Ƙafafunsu sun riga sun cinye ƙasar wurin, ta zama kwari mai zagaye. Ƙurar takalman yara tana zubo musu ta tsakanin katakai.

"Ga injin Faransa," in ji Manzo. "Ba ya shan man esansi. Fura yake sha."

Ɗan kasuwar gyaɗa ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Manzo ya ce wancan na sama don ƙara da hayaƙi kawai yake ajiye da shi. Ba mai sayen tike don ya ga ƙato yana turi. Inji mutane ke so, shi kuma ya ba su inji. Ya ce bayan farin nan mutum ya fi man inji araha, kuma in ya lalace ba sai an aika Zinder neman kayan gyara ba, wani na tsaye a bakin ƙofa.

Matar ma'aikacin duwan ta leƙa, ta watsa musu sauran gyaɗar.

Mutanen suna wucewa ɗaya bayan ɗaya ta ƙarƙashin hasken murfin. Na farko saurayi ne. Na biyu ma haka. Na uku dattijo ne dogo, ƙasusuwan bayansa a waje, furfurarsa ta yi ja da ƙura. A sha-raɓarsa ta hagu akwai wani dogon tabo.

Fadi ta san tabon. Tana ƙarama wani bijimi ya yi masa shi, ita ta riƙe ƙwaryar ruwan zafi innarta tana wankewa.

Igiyar tana hannunta har yanzu.

Ta sake ta kamar ta taɓa wuta.

Manzo ya buga sanda a bakin ramin ya ce a tsaya. Dawakin suka lafa, yara a sama suka fara ƙorafi.

"Mai shanu, hawo. Kana da baƙi."

Labbo ya hawo da rarrafe. Hasken rana ya kashe masa ido, ya tsaya yana ƙifce-ƙifce, ƙirjinsa yana hawa da sauka. Inda itacen ke gogarsa ya yi baƙin kanta, gefe ɗaya ya fashe. Da idonsa ya washe, farin gyale ya fara gani, sannan fuskar da ke ciki.

Ya haɗe hannuwansa biyu ya rufe ƙirjinsa.

Wannan mutumin, Fadi ba ta taɓa ganinsa ba riga ba tun da ta yi wayo. Ko zuwansa gida na ƙarshe, da farar riga ya je, da hula, ya kai wa innarta sabulu da sukari.

"Madam," in ji Manzo yana duban Fadi, "kin san wannan?"

Labbo ya riga ta.

"Ba ta san ni ba, Alhaji. Ina za ta san ni? Malamar lakwal ce."

Bai dube ta ba. Ƙasa yake kallo, amma kansa yana ɗan girgizawa, alamar da ita kaɗai za ta gane. Cewa yake ta yi shiru.

Madam Saratu ta juyo tana dubanta. Matar ma'aikacin duwan ma haka.  Gobe duk lakwal za a ji, jibi duk garin. Ƴan ajinta suna nan bayan zana, zana kuma ba ta tare magana.

Ta zare gyalenta, ta taka, ta yafa masa a kafaɗa.

"Babana ne."

Dariyar ɗan kasuwar ta tsaya a maƙogwaronsa.

Labbo ya rufe ido.

Manzo kuwa murmushi ya yi, irin na wanda aka kawo masa abincin da ya daɗe yana jira. Ya jawo wata ganga ya zauna, ya ɗora hannu biyu a kan sanda. Ya ce wa baƙin su yi haƙuri, wannan ɓangaren ba kullum yake cikin zagaye ba, yau ne kawai.

Ya ce shi mutumin Yekuwa ne. Yana saurayi gona ɗaya gare su, shi da tsohuwarsa Ƙande, ubansa ya rasu. Wata shekara gero ya yi kyau, ya fitar da kai, saura kaɗan a yanka. Da hantsi ya je gona ya tarar da shanu a ciki, garke guda, suna ci suna tattakewa. Mai shanun yana tsaye a gefe, ya saƙale sanda a wuya, yana kallo. Ba barci yake ba, ba kuma ɓacewa suka yi masa ba. Kallo yake.

Ya ce ya kai ƙara. Kafin ranar shari'a aka ga wani bijimi ɗaure a ƙofar gidan mai yanke hukunci. Da aka zauna sai aka ce gonar ce ta shiga burtali, hanyar shanu ce tun kakanni, ba a biyan komai.

Ya ce a shekarar tsohuwarsa har gidan tururuwa ta tona tana neman tsaba. Ba ta ga damina ba.

Ya juya wajen Labbo.

"Ranar da muka fito daga shari'a, me ka ce min?"

Labbo ya sunkuyar da kai.

"A gaban mutane ka faɗa. Yau ma ga mutane."



"Cewa ka yi in yunwa ta dame ni, in zo in yi maka kiwo, ba za ka hana ni nono ba." Manzo ya buɗe hannu. "To ni ma da yunwa ta kawo ka ƙofata, ban hana ka fura ba."

Fadi ta dubi babanta. Jira take ya ce ƙarya ne, ko ya ce ba haka aka yi ba, ko shanun wani ne. Ko kalma ɗaya.

 Shi kuwa sai ya ja gefen gyalen ya ƙara rufe ƙirjinsa.

Manzo ya ce ranar da Labbo ya zo neman aiki, Labbon bai ma gane shi ba. Ya durƙusa yana kiransa Alhaji. Sai da ya yi wata a rami sannan ya tuna masa. Ya ce ya so ƙwarai a ce tsohuwarsa na raye ta zo wannan zagayen. Tunda ba ta nan, sai ya ga ya dace wani na gidan Labbo ya zo a madadinta. Ya ce kuma bai taɓa ganin baƙon da ya iya jan ƙararrawa kamar Madam ba.

Madam Saratu ta ce Alhaji ya isa haka. 

Fadi ta durƙusa gaban babanta kamar yadda take yi a gida. Ta ce ya zo su tafi yanzu. Tana da ɗaki, tana da albashi, zai ishe su har da Inna. Abin da ya wuce tsakaninsa da mutumin nan, Allah ne zai raba su, amma ba zai sake shiga ramin nan ba.

Bai taɓa kiran sunanta ba, don ita ce ta fari. Yau ma bai kira ba.

"Ke, tashi. Kina ɓata zanenki."

"Baba, mu tafi."

"Ba zan tafi ba."

"Don me?"

Ya ɗan saci kallon Manzo, ya rage murya.

"Wule tana hannunsa."

 Wule saniya ce ja mai farin goshi, ƙahonta ɗaya ya lanƙwaso ƙasa. Jikar jikar saniyar da aka ba Labbo ranar sunansa ce. Nonon uwarta Fadi ta sha da aka yaye ta. A gida an ɗauka ta mutu a hanyar kudu tare da sauran.

Labbo ya ce ba ta mutu ba. Ita kaɗai ta rage, ya jawo ta har Magariya tana faɗuwa yana tayarwa. Ba ciyawa, ba dusa, ba abin da zai ba ta. Alhaji ya karɓe ta ya ce zai ciyar da ita, shi kuma ya yi masa aiki damina biyu, sai ya mayar masa da abarsa. Ya ce ta murmure, ta yi kyau, har ta ɗauki ciki. Duk Juma'a ana barinsa ya je ya gan ta. Kwanan nan ne kawai aka ce an kai ta kiwo wajen Dungas.

Yana maganar, fuskarsa ta saki. Har wani ɗan murmushi ya yi.

"Saura kaɗan. In ta haihu, biyu ke nan. Da biyu ake fara garke. Ki ce wa innarki ta ƙara haƙuri, kar kuma ki gaya mata abin da kika gani."

 Hawaye ne kawai ke sauko wa Fadi.

Manzo ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Ya ce zagaye bai ƙare ba, saura kura, ita ce ake rufewa da ita.

Madam Saratu ta ce su sun gode, za su koma. Ma'aikacin duwan ma ya duba agogonsa ya ce yana da aiki. Manzo ya ce ai hanyar fita ta wajen kurar take, ba sai sun koma baya ba. Ya ce kuma an hana ta abinci tun shekaranjiya musamman don su, bai kamata a yi asarar yunwarta ba.

Ya nuna wata rumfa da sanda. Ya ce mai ba kura abinci ba ya nan yau, Labbo ya ɗauko.

Wani babban daro ne an rufe shi da buhu, ƙudaje sun yi masa baƙi. Labbo ya sunkuya ya kinkima. Nauyin ya sa ya yi tangaɗi. Fadi ta kai hannu za ta taya shi, ya ce ta bari, jini zai taɓa ta. Ya ɗora a ka ya bi bayansu, farin gyalen yana reto a kafaɗarsa.

Gidan kurar wani ɗan tsakar gida ne matsattse, katangar laka ta fi tsawon mutum ta kewaye shi. Ƙofa ɗaya gare shi. Fadi ta duba ba ta ga wata hanyar fita ba. Da suka gama shiga, Manzo ya jawo ƙofar ya rufe, ya jingina bayansa da ita.

Kejin ƙarfe ne a ƙarshen wurin. Kurar tana ciki tana zagaye, ƙatuwa, cikinta ya lafe, yawu yana zuba daga bakinta. Da ta ji ƙanshin daron sai ta fara wani gurnani tana cizon ƙarfe. Matar ma'aikacin duwan ta ɓuya bayan mijinta.

Labbo ya sauke daron a tsakiyar wurin.

"Buɗe," in ji Manzo. "Baƙi su ga abin da take ci."

Labbo ya yaye buhun.

Ƙahon Fadi ta fara gani, wanda ya lanƙwaso ƙasa. Sannan farin goshin, jini ya ɓata rabinsa. A gefen kan, an naɗe wani abu ƙarami mai santsi, da ƴan ƙafafu huɗu a haɗe. Ko gashi bai gama yi ba.

Madam Saratu ta toshe bakinta da hannu.

Manzo ya ce naman ya raba wa ma'aikata jiya, har ƴan rami sun samu romo a tuwonsu, Labbo ma ya sha ya yi santi. Wannan ne ya rage.

"Na ce zan mayar maka, ga ta nan. Har da ɗan. Ban ma jira damina ta biyu ba. In kana so ka ɗauka, in ba ka so ka ba kura."

Ba wanda ya yi dariya. Ɗan kasuwar gyaɗa ya ce Alhaji wannan kam ya yi yawa. Manzo ya ce shi ma da ya tsaya a gonarsa ya ga kan gero a bakin shanu, haka ya ce, ba wanda ya ji shi.

Labbo ya tsuguna.

Bai yi kuka ba. Ya kama gefen gyalen ya shiga goge farin goshin a hankali, har jinin ya fita. Ya kore ƙudajen. Ya shafa idon da ke buɗe ya rufe shi. Can ƙasan maƙogwaronsa ya yi wannan ɗan sautin da yake kiranta da shi in za a tatsa, sau ɗaya. Ya gyara wa ɗan kwanciya kusa da kan uwarsa, ya mayar da buhun ya rufe su.

Kurar tana ta dukan keji da ƙirji.

Ya miƙe. Fadi ta ga ya miƙe sosai, tsawonsa duka, yadda yake tsayawa a da in yana duban garke.

Ya matso kusa da ita, ya yi magana yadda ita kaɗai za ta ji.

"Kama hannun shugabarki, ku koma lungun can. Ku juya wa bango fuska."

"Baba, me za ka yi?"

"Ki yi abin da na ce."

Ta kama hannun Madam Saratu, amma ba ta nufi lungun ba. Ta juya wajen Manzo ta ce don Allah ya buɗe ƙofa, su fita. Ya ce sai an ciyar da kura, haka tsarin zagayen yake. Bai ko motsa daga jikin ƙofar ba.

Labbo ya nufi kejin, hannu sake. Ya wuce daron bai taɓa shi ba.

Kurar ta daina zagaye. Ta tsaya tana dubansa.

"Mai shanu," in ji Manzo, yana dariya, "tsufa ya kama ka. Ka manta naman."

Labbo ya ɗora hannu a kan sakatar kejin. Ya waiwayo, ya dubi Manzo tun daga hula har takalmi.

"Ban manta ba, Alhaji."

Ya zare sakatar.